Ni Na Sare Kurmin Surukina, Ni Kuma Ya Naɗa In Kamo Mai Laifin

Gwaggo Bushira, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi da sauri, domin kwana goma sha ɗaya suka rage mini. Na daɗe ina karanta filinki ina dariyar masu jefa kansu cikin rigima da hannunsu, ashe layi ne bai zo kaina ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Sau uku ina ƙoƙarin taƙaita ta, amma duk inda na yanke sai in ga na fito mugu fiye da yadda nake.

Ni mutumin ƙasar Zuru ne, shekarata talatin da ɗaya, ina gyaran janareta da injin ban ruwa a Yawuri. Ina neman auren Josephine, malamar firamare, kuma ina sonta son da ya sa na koyi guga. A wajenmu akwai golmo, wato mai neman aure ya tara abokansa su riƙa yi wa uban yarinya aikin gona kafin a ba shi mata. A da shekara bakwai ake yi. Yanzu iyaye da yawa sun sassauta, wasu ma sun yafe gaba ɗaya, to amma ni Allah ya haɗa ni da tsohon soja. Saja Ebenezer ya ce shekara huɗu, babu ragi, babu ɗaukaka ƙara. Na yi uku, ina cikin ta huɗu. A duk tsawon lokacin nan sau ɗaya na ji ya ce ba laifi, daga baya na gano da kunun da ke hannunsa yake.

Bayan gonarsa, ta hanyar Sakaba, akwai wani kurmi a bakin rafi da ya gada wurin mahaifinsa. Kullum in muna aiki sai in ga Baba, wato Saja, ya je ya tsaya gaban kurmin nan, hannu a baya, yana kallo yana ajiyar zuciya. Ni kuma da wayona sai na fassara abin da kaina. Na ce tsohon nan gona yake so ya buɗe a wurin, ƙarfi ne ya ƙare, kuma girman kai na soja ba zai bar shi ya roƙi kowa ba. A golmo kuwa babu kyautar da ta kai mutum ya yi wa surukinsa sabon sassabe. Wanda ya yi wannan, har jikokinsa sai sun ji labari.

Bara wata ƙungiya mai kula da dazuzzuka ta tara masu filaye a makarantar ƙauyen. Suka ce duk mai so ya ware wani yanki na filinsa ya bar shi daji shekara goma. Ba dole, ba biya, fili kuma yana nan na mai shi. Gwaggo, da kin ga yadda aka watse. Wani ya ce dabarar ƙwace fili ce, yau a ce ka bar itace, gobe a ce itacen na gwamnati ne. Wani ya ce a zamanin nan mai hankali ba ya kiwon daji a bayan gidansa. Maƙwabcin Baba ya ce birai za a tara masa su cinye dawa. Akwai ma wanda ya rantse Turawa ne za su riƙa ɗibar iskar wurin suna sayarwa, ya ce shi ba ya ba da iskarsa kyauta. Ba wanda ya ɗaga hannu. Baba yana wurin, an ce har ya taya su dariya. Abin da ba wanda ya gani shi ne, ya zagaya ta bayan aji ya tari mutanen a bakin motarsu ya ba da sunansa. Ya ɓoye wa kowa don kada a ce Saja ya tsufa ya fara kiwon bishiya.

Ƙarshen rani ya ce zai je Birnin Kebbi kwana uku tantance 'yan fansho. Na ce dama ta samu. Na kira Japhet, shi ne jagoran 'yan golmona, muka tara mutum goma sha biyu. Don ladabi na fara zuwa wurin Mama, matar Baba, na faɗa mata niyyata. Ta yi shiru tana kallon murhu, sannan ta sa mini albarka, ta tambayi mutum nawa za ta dafa wa. Sai daga baya na ji cewa wata biyu ke nan Baba ya hana ta ko karan tsinke daga kurmin, bai kuma faɗa mata dalili ba, tana ta girki da karan dawa hayaƙi na cin idonta.

Kwana biyu muka yi muna sara, da waƙa da kirari. Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya irin na kwanakin nan ba. Ɗorawa da kaɗanya dai mun bar su, mu ba mahaukata ba ne. Amma ƙirya, marke, taura da maje, guda goma sha tara muka kwantar. Muna sara Mama da matan unguwa suna kwasa, kafin mu tashi wurin ya yi fes. Na koma masaukina hannu duk kanta, ina ta shirya irin fuskar da zan yi idan Baba ya rungume ni.

Washegari da hantsi sai ga shi a kan acaɓa, da koriyar hula, da takardar shaida cikin gilashi, da wani ƙaton allo a hammata. Ba fansho ya je ba, taron masu adana daji ya je, har an kira shi gaban jama'a an tafa masa. Kafin in buɗe baki ya ja ni gefe. Ya ce ni ne mutum na farko da zai faɗa wa, tunda na kusa zama ɗansa. Ya ce lokacin da ya dawo daga aikin soja ya tarar an binne mahaifinsa, an rushe ɗakin da aka haife shi, abokansa rabi sun mutu, kurmin nan kaɗai ya samu yadda ya bar shi. Ya ce ya ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu da goma sha biyu ne, kuma ya yi alkawari gaban mutane ko ɗaya ba zai faɗi ba yana raye. Sannan ya ɗora hannunsa a kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in ɗauko allon mu je mu kafa.

Ni na ɗauki allon a kaina, Gwaggo. Tafiyar rabin awa ce, kuma duk taku ɗaya sai na ce yanzu zan faɗa, sai in ga bayan wuyansa in fasa. Da muka isa ya tsaya cak. Ya cire hular. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba, kawai ya bi kututturan yana taɓa su, kuma na ga hawaye a idon mutumin da ban taɓa zaton yana da su ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, amma tsoron ya fi ƙarfi. Sai kawai na ji bakina yana tambaya da ƙarfi wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan ɗanyen aiki. Wallahi ban aike shi ba.

Wannan tambayar ce ta kashe ni. Baba ya ce tunda abin ya ƙona mini rai haka, ni ne shugaban kwamitin bincike. 'Yan kwamiti kuma, ya ce ba wanda ya yarda da su kamar 'yan golmona. Yanzu haka mu goma sha ukun da muka sare kurmin mu ne masu gadinsa. Ya saya mana usur kowa da nasa. Duk Asabar muna jeruwa ya duba mu, mu zagaya daji muna neman kanmu, mu dawo Mama ta ba mu tuwo da ta dafa da shaidar. Itacen yana nan jibge bayan kicin ta lulluɓe da zana, ta ce masa a kasuwar Mahuta ta samu da araha. Har yaba wutar yake yi.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi, amma Baba ya iya bincike. Ya yi wa kututturan lamba da jan fenti, ya yini yana duba bakin saran, ya fito da sakamako cewa wanda ya kayar da manyan bahago ne. Gwaggo, ni bahago ne. Na ce shi ke nan, kashina ya bushe. Sai ya ce wannan ma sa'a ce, tunda ni bahago ne zan san tunanin bahago. Ya miƙo mini gatari ya ce in gwada yadda ɓarawon ya tsaya. Na gwada. Bakin gatarin ya zauna daram cikin tsohon saran. Baba ya juya ya ce wa sauran su koyi aiki a wurina. Japhet ya shiga bayan wata tsamiya, ya daɗe bai fito ba, ya ce wai tari ne ya sarƙe shi.

Sai aka sa ni in rubuto sunayen bahagwai na yankin. Mu uku ne. Ni, da wata tsohuwa da ba ta iya ɗaga tulu, da Muntaka mai gawayi, wani bawan Allah da ke zuwa daga Bena yana sayen busasshen itace. Ƙirya kuwa kowa ya san ita ce uwar gawayi. Baba ya ja layi ƙarƙashin sunan Muntaka. Mutumin nan 'ya'yansa biyar, bai taɓa taka kurmin ba, kuma duk inda ya gan ni sai ya tsaya ya gaishe ni da shugaba. Ranar Asabar ta sama za a kai shi gaban dagaci, ni zan karanta rahoto. In aka tabbatar, za a hana shi shiga yankin, abincinsa ke nan.

Ƙauyen nan kaf sun san gaskiya, ai matansu suka kwashi itacen. Ba mai faɗa. Wasu tsoron Baba suke, wasu kallo ne ya yi musu daɗi, Muntaka kuma baƙo ne ba shi da mai tsaya masa. Abin haushi, waɗanda suka yi dariya a makaranta su ne ke zuwa jaje, har uku sun ba da sunansu za su bar nasu filin daji. Mai iskar nan ma yana ciki, ya ce shi dama can ya san abin kirki ne.

Ga inda na maƙale. Baba ya rantse wanda ya sare kurminsa ba zai ƙara taka ƙofar gidansa ba. Ya kuma ce ranar da aka gama shari'ar nan ya yafe mini sauran golmo, a sa biki a Disamba. Josephine ba ta san komai ba. A cikin gari take koyarwa, sai ƙarshen mako take zuwa ta taya Mama girki. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ta dube ni cikin ido ta tambaye ni ya bincike, in ce ana kai, ta ce to Allah ya tona asirin mai yi.

Japhet ya ce in rubuta cewa ɓarawon ya tsere Nijar. Wani ya ce mu ɗora wa gara. Na yi tunanin in ce hawan jini ya kama ni in ajiye muƙami, na yi tunanin in koma Yawuri in kashe waya, na ma yi tunanin in sayo dashe goma sha tara in kafa a ɓoye, amma ko makaho ya san bambancin dashe da itacen da ya girmi ubana. Na rame, Gwaggo. Usur ɗin ma in na hura kuka yake yi. Ba na so in rasa Josephine, ba na so in cuci Muntaka, kuma ba na so in sake ganin fuskar da Baba ya yi a ranar. Wanne zan yi?

Naki cikin damuwa,
Shugaban Kwamiti, Zuru

Ɗana Shugaban Kwamiti,

Na yi dariya har sai da na cire tabarau na goge, ba zan ɓoye maka ba. Da na iso kan Muntaka sai dariyar ta tsaya. Mu fara ta nan.

Saran da ka yi kuskure ne, kuma kuskuren mai son a yaba masa. Ka bi al'adarku, ka nemi izinin uwar gida, ka zubar da gumi. Da a ranar ka sauke allon nan ka durƙusa, da yanzu labarin ya zama abin ba'a a wurin biki. Laifinka na gaske ya fara ne daga tambayar da ka yi a bakin kurmi, kuma duk Asabar kana ƙara masa tsawo. Yanzu ya kai inda zai ci abincin 'ya'ya biyar. Rahoton nan ba za ka karanta shi ba, ko da Disamba goma aka yi maka alkawari. Batun Nijar da gara kuma ka bar shi. Mutumin da ya gano bahago daga bakin gatari zai gano gara ba ta riƙe gatari.

Shi ma Saja yana da nasa kason, kuma zan faɗa duk da na tausaya masa ƙwarai. Ya yi abin kirki amma ya ji kunyarsa. Ya tsaya gaban harsashi, sai ga shi dariyar maƙwabta ta sa shi zagayawa ta bayan aji. Daji ba ya tsaruwa a asirce. Mai son ya bar filinsa kurmi don ra'ayin kansa, dole matarsa ta sani, masu yi masa aiki su sani, maƙwabcin da ke tsoron birai ma a zauna da shi a ji nasa. Ya hana mace itacen girki wata biyu bai ce mata don me ba, bai kuma kawo mata wani ba. Ban ce Mama ta kyauta ba, amma na gane shirun da ta yi tana kallon murhu. Sai dai wannan ba maganarka ba ce. Kada ka kuskura ka je neman gafara ka ɓuge da lissafa wa surukinka laifinsa.

Ga yadda za ka yi, kuma a jere.

Ka fara da Josephine, gobe, ba Lahadi ba. Ɗana, yarinyar da ke taya uwarta girki duk ƙarshen mako, ita ke ɗaga zanar nan ta zaro itace. Malama ce, ta saba da yaron da ya fasa tulu yake taya neman wanda ya fasa. Ina kyautata zaton ta sani tun makon farko. Tambayar da take maka bayan coci ba labarin bincike take nema ba, ƙofa take buɗe maka kana wucewa. Ka faɗa mata da bakinka kafin ta gaji da buɗewa.

Sannan ka sanar da Mama cewa za ka yi magana, don ta samu ta shirya tata. Kada ka ambaci sunanta a gaban mijinta. In ya tambayi inda itacen ya tafi, ka ce wannan a cikin gida za a ji. Shekarun da suka yi tare sun fi naka a duniya, sun san hanyar da suke bi da juna.

Sai Saja. Kada ka bari a kai gaban dagaci, domin in gaskiya ta fito a bainar jama'a, ba itacen kawai zai yi wa kuka ba, zai gane duk ƙauye sun yi mako da makonni suna kallonsa. Wannan ita ce kunyar da ya guda tun farko, kuma ita ce zai fi wuyar yafewa. Ka ɗauki dattijo ɗaya daga danginku, ko fastonku, ku same shi da safe shi kaɗai. Ka ajiye usur ɗin a gabansa. Soja ne, ka ba shi rahoto irin nasu, gajere, ba kwana-kwana: ni ne, ga dalili, ga ranar da tsoro ya sa na yi ƙarya, Muntaka ba ruwansa. Zai yi faɗa, wataƙila ya kore ka. Ka tafi, ka dawo washegari ka gaishe shi, ka sake dawowa jibi.

Kada ka je hannu rabbana. Yawancin itatuwan dajinmu in aka sare su ba a ƙone kututturen ba, suna sake tohowa da damina, tunda saiwarsu tana nan da rai. Aikin shi ne a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran, a tsare su daga awaki da wuta. Mutanen ƙungiyar nan sun san wannan, ka roƙi ɗayansu ya zo ya nuna muku. Ka ce wa Saja kai da mutanenka goma sha biyu kun ɗauki rainon kututture goma sha tara a matsayin golmo, na tsawon lokacin da ya yanka. Ka kuma roƙa a yarda Mama ta riƙa ɗibar busassun rassa da abin da aka rage. Kurmin da matar gida ke amfana da shi ya fi samun mai gadi fiye da wanda aka kafa wa allo.

Daga nan ka hau mota ka je Bena da ƙafarka. Ka faɗa wa Muntaka abin da ya kusa faruwa da shi da wanda ya jawo, ka nemi gafararsa. Ka tabbata an wanke sunansa a wurin dagaci da ƙarfin muryar da aka ɓata shi.

Ba zan yi maka alkawarin biki a Disamba ba. Mai yiwuwa a ƙara maka shekara, mai yiwuwa ka sha wuya fiye da haka, kuma na san kana jin tsoro. Abin da na tabbata shi ne, in ka tashi ranar Asabar ka karanta sunan bawan Allahn nan, za a yi bikin, za a ci a sha, sannan ka zauna shekara arba'in ɗaki ɗaya da matar da ta san abin da ka karanta.

Allah ya ba ka ƙarfin ƙafa zuwa ƙofar Saja, ya sanyaya zuciyarsa, ya bar ka da Josephine cikin mutunci.

Gwaggonka,
Bushira